Madaurin kan yaro a mota: me ya sa ban yarda da shi ba

Kwanakin baya Yayata ta turo min wani talla da ta gani a WhatsApp. Hoton yaro ne yana barci a kujerar baya ta mota, an zagaya goshinsa da wani ƙyalle mai laushi an ɗaure shi da jikin kujera don kada kansa ya riƙa faɗowa gaba. A ƙasa ta rubuta: "Ke 'yar boko, in saya wa yaronki?" Yaron nata shekararsa biyar, kuma kusan duk ƙarshen wata sai sun bi hanyar Kano zuwa Kazaure, daga nan su wuce Roni gaida tsofaffi. Kafin a kai Dambatta ya yi barci, kai ya langaɓe, haɓa ta taɓa ƙirji. Duk uwar da ta ga haka dole ranta ya sosu. Na ce mata kada ta saya. Ga dalilina, mai karatu, ko kai ma ka taɓa cin karo da tallan.

Mu fara da wuyan kansa. Yaro ba babba ba ne da aka rage wa tsawo. Kan jariri ya kai kusan kashi 1 cikin 4 na tsawon jikinsa, na babba kuwa kusan kashi 1 cikin 8. Ga kai mai nauyi, ga tsokar wuya ba ta yi ƙwari ba, ga jijiyoyin da ke riƙe ƙasusuwan wuya suna da saurin miƙewa. A ƙananan yara, wurin da wuya ya fi lanƙwasawa yana can sama, wajen ƙashi na 2 da na 3, sai yaro ya doshi shekara 8 zuwa 10 sannan ya sauko wajen na 5 da na 6 kamar na manya. Saman nan kuwa shi ne mahadar jijiyoyin da ke kula da numfashi. A 1982 likitoci biyu, Pang da Wilberger, suka bayyana wani irin rauni da aka fi gani a yara: a ɗauki hoton ƙashi a ga lafiya lau, amma lakar da ke ciki ta samu illa. Ƙashin ya miƙe ya koma, lakar ba ta iya jure miƙewar ba.

To, yanzu ɗan lissafi. Mota tana tafiyar kilomita 50 a awa, gudun da direban haya na hanyar Daura zai ce ma ba a fara tafiya ba. Idan ta daki abu ta tsaya cikin rabin mita, duk abin da ke ciki zai ji nauyinsa ya ninka kusan sau 20. Kan yaro ɗan shekara biyar ko shida kusan kilo 3 ne, ka ga ya koma kilo 60, ya fi buhun siminti. Jikinsa in kilo 20 ne ya koma 400, buhu takwas. Duk wannan yana faruwa ne kafin ka ƙifta ido.

A nan madaurin yake da matsala. Bel ɗin mota an ƙera shi ne ya bar jiki ya ɗan matsa gaba kafin ya riƙe shi, kai da ƙirji su tafi tare. Idan ka ɗaure goshi da kujera, ƙirji zai yi gaba, kai ya tsaya a baya, kuma wuya ne kaɗai a tsakaninsu. In madaurin ya tsinke, bai yi amfanin komai ba. In ya zame, daga goshi ina zai sauka? Kan hanci da baki, ko maƙogwaro, a jikin yaron da ke barci, uwa tana gaba ba ta gani. Ba sai an yi haɗari ba ma, ramin titi da birki ɗaya sun isa su zamar da shi. Kamfanonin da ke ƙera kujerun yara suna rubutawa a littafin kujerar cewa kada a ƙara mata wani abu da ba su suka yi ba, saboda ba da shi aka gwada ta ba. Matashin nan mai siffar takalmin doki da ake sa wa a wuya bai kai madaurin haɗari ba, amma mai kauri yana cike bayan wuya ya ƙara tura kai gaba, wato abin da ake gudu.

Abin da ya fi ɓata min rai da tallan shi ne yaron da ke hoton. Bel ɗin kafaɗa ya bi ta gefen wuyansa, na ƙugu yana kan cibiya. An magance abin da ido ke gani, an bar wanda ke kisa.

Bel mai bi ta kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya ƙera wa Volvo a 1959, an auna shi ne da jikin babban mutum. Yaro in ya zauna a kujerar mota kai tsaye, gwiwarsa ba ta kai bakin kujera, sai ya zame gaba don ƙafarsa ta lanƙwasa, bel ɗin ƙugu ya hau ciki. A haɗari wannan bel yana iya fasa hanji, ya karya ƙashin baya. Na kafaɗa kuma yana gogar wuya, shi ya sa yara ke tura shi bayansu ko ƙarƙashin hammata. Kujerar ƙarin tsayi, wadda ake kira busta, aikinta ɗaya ne: ta ɗaga yaro har bel ya sauka a kan ƙashin ƙugu da saman cinya, ɗayan kuma ya ratsa tsakiyar kafaɗa. Volvo ɗin ce ta fito da ita a 1978. Wani bincike na asibitin yara na Filadelfiya a Amurka da aka wallafa a 2009 ya nuna yara 'yan shekara 4 zuwa 8 da ke kan busta sun fi waɗanda ke cikin bel kaɗai tsira daga rauni da kashi 45 cikin 100.

Busta iri biyu ce: mai baya, wadda ke da majinginar kai da fukafukai a gefe, da maras baya, wadda matashi ce kawai mai tauri. Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa: binciken na 2009 bai ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin su biyun ba. Amma motocin Amurka ne aka duba. Je ka leƙa bayan Golf ko Sharon a tashar Kazaure ko ta Babura ka ƙirga majinginar kai nawa ta rage. Da yawa an cire, wasu tun kafin motar ta shigo ƙasar. Matashi maras baya a irin wannan mota yana ɗaga kan yaro ya wuce saman kujera, in aka daki motar ta baya babu abin da zai tare kai. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ke bayan kan yaro ya kai aƙalla saman kunnensa. In bai kai ba, sai mai baya. A Birtaniya tun 2017 sababbin marasa baya ba a amince da su ba sai ga yaron da ya wuce santimita 125 da kilo 22.

Mai bayan ce kuma amsar matsalar Yaya. Fukafukan gefe suna tare kai idan barci ya ɗauke yaro, ba tare da an ɗaure komai ba, kuma su ne garkuwa in an daki motar ta gefe. A daidaita majinginar ta yadda maƙalar bel za ta zo daidai kafaɗa ko sama kaɗan. Wasu suna da majinginar da ake ɗan kwantarwa baya. In duk da haka kai yana faɗowa, babba ya zauna kusa ya riƙa gyara shi. Kan da ya langaɓe ga lafiyayyen ɗan shekara biyar ba shi da daɗin gani, amma abin tsoron shi ne jikin ya zame daga cikin bel. Jariri lamarinsa daban ne, shi haɓa a ƙirji tana iya toshe masa numfashi, kuma busta ba tasa ba ce sam. Kujera mai kallon baya ce tasa, wadda a Suwidin ake barin yara a ciki har kusan shekara 4.

Na san abin da za ka ce: mu da ake loda mutum huɗu a baya, biyu a gaba, yara a cinya, ina mu ina busta? Haka ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana cewa yaron da bai kai 12 ba wurinsa baya, amma a kan hanyar Gwiwa ranar kasuwa wa ke dubawa? Mai shiga motar haya ba shi da zaɓi sosai. Maganata da mai motar kansa ce, wanda tallan ke nema. Shi yana da zaɓi, kuma matakin farko ba ya cin ko kwabo: ɗaga kujerar baya ka zaro bel ɗin da mai rigar kujera ya binne. Duba ko mazaunin yana da na kafaɗa, domin na tsakiya a tsofaffin motoci sau da yawa na ƙugu ne kaɗai, kuma ba a ɗora busta a kansa.

In ta gwanjo za ka saya, nemi tambari ruwan lemu mai harafin E cikin da'ira, da R44/04 ko R129 a rubuce. Na biyun ya fi, don shi ne ya wajabta gwajin duka ta gefe. Yaye rigar kujerar ka duba farin soson da ke cikin fukafukan, in ya tsage ka bar ta. Roba tana tsufa, balle a ranar Afrilu ta ƙasarmu, don haka duba shekarar da aka ƙera ta a ƙasan kujerar.

Yaya ta samu mai baya a hannun wata maƙwabciyarta da ɗanta ya girma. Sai da muka yi rabin awa da maigidanta kafin muka zaro maƙalar bel ɗin daga ƙarƙashin kujera, cike da ƙasa da ɓawon gyaɗa.