Motar lantarki mun gani, to ina wutar?

Jiya da la'asar ina tsaye a Ƙofar 'Yandaka ina jiran Keke Napep, wani yaro ya miƙo mini wayarsa: "Baba, dubi motar da ba ta shan mai." Na duba. Wallahi ta yi kyau, ba hayaƙi, ba ƙara. Sai na ce, "Kai, ita wannan wayar a ina ka yi mata caji?" Ya fashe da dariya, ya nuna mini rumfar mai caji, janareto na ta ruri a gefe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Tun 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kowa ya zama gwani a kan motar lantarki da mai amfani da gas. Kowa yana yabon doki, ba mai tambayar harawa. Waya ma sai an biya kuɗi a rumfa, ina ga batirin mota?

Ku da kuke Katsina kun san fankokin samar da wutar lantarki daga iska na Lambar Rimi. Megawat 10 kacal, tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa aka ƙulla aikin, ya haura shekara goma yana jan ƙafa. Gas ɗin ma haka: bututun AKK mai kilomita 614 da Buhari ya ƙaddamar a 2020, a Kano zai tsaya. Direban da ya ci bashi ya sa tukunyar gas a but, kullum sai ya yi lissafin inda zai cika ta kafin ya ɗauki fasinja. Ba a fafe gora ranar tafiya, jama'a.

Za ku ce komai a hankali yake farawa. Na ji. Kuma dole in sara wa Mustapha Gajibo na Maiduguri, wanda ya cire wa ƙananan bas injin mai ya mayar da su na batir. Shi bai tsaya kan motar ba, har wurin caji mai aiki da hasken rana ya gina. Rana kuwa ba mu da ƙarancinta, duk wanda ya taka Ƙofar 'Yandaka a watan Afrilu shaida ne.

Saboda haka mai son tallata mana motar zamani, ya fara kafa rumfar sola a bakin tasha, ya koya wa bakanikenmu gyaran batir. Ranar da na ga ɗan Napep ya jona kekensa ya tafi sallar azahar ya dawo ya tarar ya cika, ni zan fara shiga.