Atisayen Ɗauke Wuta: Nazari kan Na'urar UPS ta Kwaikwayo

Aikin na'urar UPS shi ne ta riƙe kwamfuta da batir idan wuta ta ɗauke, har a tayar da janareta ko a kashe komai cikin tsari. Sai dai ba ita ke yanke hukuncin kashewa ba. Manhajar sa ido ce ke sauraron rahotonta, ta ce lokaci ya yi. Wannan hukunci kuwa ba a ganinsa sai ranar da abu ya ɓaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan al'adar kwaikwayon na'urar ta samo asali.

Misali mafi fitowa fili shi ne Network UPS Tools, wanda aka fi sani da NUT, manhajar kyauta da Russell Kroll ya faro a shekarun 1990. Tsarinta hawa uku ne: direba mai magana da na'urar, da upsd mai raba bayanai ta kafa mai lamba 3493, da upsmon mai ba da umarnin kashewa. Tunda upsmon bai taɓa ganin batir ba, labari kawai yake karɓa, ana iya cire direban gaske a sa dummy-ups a madadinsa. Shi wannan ba ya haɗe da kowace na'ura. Fayil ɗin rubutu yake karantawa.

A cikin fayil ɗin ake tsara labarin. OL na nufin akwai wuta, OB an koma kan batir, LB batir ya kusa ƙarewa. Umarnin TIMER yana sa jira na wasu daƙiƙoƙi tsakanin wannan hali da wancan. Da layuka kaɗan mai gwaji zai ɗauke wuta, ya rage caji, ya ga ko OB da LB sun haɗu manhajar ta kashe sabar. Zai ga ko saƙon gargaɗi ya isa, ko ƙananan kwamfutoci sun riga babbar sauka kamar yadda aka tsara. Zai maimaita sau ɗari ba tare da ya gajiyar da batir ko ɗaya ba.

Ƙarfin wannan hanya ke nan, kuma a nan rauninta yake. Na'urar kwaikwayo ba ta faɗin komai sai abin da marubucin fayil ya hango. A rubuce, caji yana sauka a hankali. Tsohon batirin dalma kuwa yana iya nuna ya cika, a ɗora masa nauyi ya zube nan take. Irin waɗannan batura shekara 3 zuwa 5 suke yi, kuma zafin da ya haura digiri 25 yana rage musu kwana. Duk mai kula da sabar a Kano ko Damagaram a watan Afrilu ya san wannan ba zancen takarda ba ne.

Akwai kuma matakin da kwaikwayo ba ya iya takawa sam. Bayan sabar ta sauka, dole UPS ta yanke wutar da take bayarwa, domin idan lantarki ya dawo kwamfutoci su tashi da kansu. Idan wutar ta dawo ana tsakiyar kashewa kuma ba a yanke ba, sai su zauna a kashe har wani ya zo ya danna maɓalli. Direban da ba shi da waya ba zai nuna wannan ba.

Masu NUT sun rage giɓin ta hanyar da ta dace. Umarnin upsc yana zayyano duk abin da na'urar gaske ke faɗi, kuma dummy-ups na iya karanta wannan zayyana kai tsaye. Masu amfani suna aika irin waɗannan bayanai, ana tara su, har mai gyaran manhaja ya gwada aikinsa da samfurin da bai taɓa riƙewa ba.

A ganina, mai gwaji na kirki ya rubuta munanan labarai, ba masu daɗi kaɗai ba: wutar da ke zuwa tana komawa, sadarwar da ta yanke ana kan batir, cajin da ya faɗi bagatatan. Idan manhaja ta tsallake waɗannan, sai ya zaɓi lokacin da babu aiki, ya adana bayanai, ya katse wutar na'urar gaske. Kwaikwayo yana tabbatar da hukuncin manhaja. Batir da waya kuwa sai an gwada su da hannu.