Garaya ce likitar, ba zaƙami ba

Akwai wata magana da ake yawan yi a majalisun 'yan boko na Dutse, wai bori ba komai ba ne face shaye-shaye da aka sa wa rawani, wai 'yan bori zaƙami suke sha kafin su hau. Mai faɗin haka bai taɓa zama ya kalli wanda ya sha zaƙami ba. Zaƙami, wato haukata-yaro, na busar da maƙogwaro, ya buɗe ƙwayar ido, mutum ya yi ta tsintar abin da babu a jikin rigarsa, ya kwana ya wuni bai san inda kansa yake ba. Shi ya sa matasan da ake zuba wa shi a zoɓon biki suke ƙarewa a gadon asibiti. Dokin bori kuwa, wato ɗan borin da iska ke hawa, yana hawa ne daidai lokacin da aka kaɗa takensa, ya sauka da atishawa. Wane ganye ne ya san take?

Hukuncin bori a addini na malamai ne, kuma sun daɗe da yanke shi. Tun jihadin 1804 aka fitar da shi daga fada, wani Bature mai suna Tremearne ya rubuta littafinsa a kai a 1914, wani mai suna Besmer ya fitar da nasa a 1983 bayan zama da makaɗan Kano, sannan da Jigawa ta ƙaddamar da shari'a a 2000 wasan fili ya ƙara ja da baya. Abin da ya dame ni daban ne: dabarar da ke cikin girka, wadda ba a kula da ita ba.

Dubi yadda ake yi. An kawo mace ta daina magana, ta daina ci, ko ƙafa ta shanye ba ciwo. Mai garaya ba ya tambayar ta me ke damun ta, don ya san kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Sai ya shiga bin taken mutanen Jangare, birnin iskoki, ɗaya bayan ɗaya, masu buta na amsa masa, idonsa na kan kafaɗunta da yatsun ƙafarta. Taken Malam Alhaji ya wuce, shiru. Na Kuturu ya wuce. Da ya taɓa na Inna ko na Ɗan Galadima jiki ya motsa, sai ya tsaya a nan, ya tsananta kiɗa, ya yi ta zuba kirari. A wannan daƙiƙar ciwon da ba shi da suna ya sami suna, da hali, da dangi, da abin da yake so. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai kyauta da son ado, sai an nemo turare da tufa mai kyau. Inna Bafulatana ce, nono take so. Mijin da ya yi watanni bai dubi matarsa ba dole ya buɗe aljihu, 'yan'uwa su taru, a yi kwanaki ana dafa mata, ana yi mata wanka da saiwoyi. Bayan ta sauko ba ta tuna komai, sai na kusa su ba ta labarin abin da aka faɗa da bakinta, kuma ba mai riƙe ta da laifinsa. Saiwoyi da hayaƙi suna nan, ban musa ba, amma makaɗin ne ya gano inda ciwon yake.

Yanzu ga Turawa sun dawo kan magungunan da ke juya hankali don warkar da baƙin ciki da firgici. Jihar Oregon ta Amurka ta amince da wani naman kaza a 2020, Ostireliya ta ba likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da shi a 2023, ana kuma rububin saiwar iboga ta mutanen Gabon. Wani bita na 2018 ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka yi gwajin da su farar fata ne. Baƙaƙen Amurka suna da dalilin ɗari-ɗari, don a Lexington cikin shekarun 1950 fursunoni, galibinsu baƙaƙe, aka yi ta ɗura wa ƙwayar LSD, wasu har kwana 77 a jere. Su kansu masu binciken sun yarda ƙwayar kaɗai ba ta isa ba, sai da kiɗa a kunne, da mai zama kusa da kai, da hira bayan ka farfaɗo. To, wannan ai uwar girka ta riga su. Likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Lambo ma ya fahimci haka tun 1954, da ya sa masu maganin gargajiya da dangin majinyaci cikin aikinsa na Aro a Abeokuta.

Wanda hankalinsa ya taɓu a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ban ce a kai shi gidan bori ba. Amma tsofaffin da suka san jerin taken nan suna ƙarewa, 'ya'yansu kuma ba sa ɗaukar garaya. Malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ku aika ɗalibai ƙauyukan Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu su naɗi kiɗan nan, su tambayi masu shi yadda suke karanta jikin mara lafiya, tun suna raye.