Shin Ilektiron Ƙwaya Ce?

Masu fassara kimiyya sukan kira ilektiron "ƙwayar lantarki". A ganina wannan suna yana ɓad da ɗalibi. Bahaushe in ya ji ƙwaya, gero ko dawa ke faɗo masa a rai, wato abu mai ɓawo da ciki, wanda ake iya dakawa. Alhali tun da J. J. Thomson ya gano shi a 1897, ba a taɓa auna masa faɗi ba. Adadin nan na mita 2.8 × 10⁻¹⁵ da littattafai ke kawowa lissafi ne kurum, ba awo ba. Gwaje-gwaje sun leƙa ƙasa da haka ninki dubu, ba su iske masa gefe ba. Nauyi kam yana da shi, da caji. Gara dai a bar masa sunansa na aro.