Samut Songkhram: Ƙaramin Lardin da Ya Sace Zuciyata

Duk ɗan kasuwar da ya je Bankok sarin kaya ya juyo bai leƙa Samut Songkhram ba, wallahi ya cuci kansa! Tafiyar kusan kilomita 70 ce, kuma lardin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lardunan Tailan, murabba'in kilomita 400 da ɗoriya, gundumomi uku kacal. Amma ni dai ban ga inda ya kai shi daɗin yawo ba.

Akwai ƙananan motocin haya da ke kai mutum cikin sa'a ɗaya da rabi. Kada ka hau. Bi jirgin ƙasa, don a nan daɗin ya fara. Za ka shiga a tashar Wongwian Yai ka sauka Mahachai, ka tsallaka kogin Tha Chin da jirgin fito, ka taka zuwa tashar Ban Laem, sannan ka kama wani jirgin ƙasan. Wannan na biyun ratsa filayen gishiri yake yi, tagogi a buɗe, iskar teku na dukan fuska, in rani ne ga gishiri an tsiba shi fari fat har iya ganinka.

Sai kuma ƙarshen layin, kasuwar Mae Klong. Jama'a, kasuwa ce a kan layin dogo! Ba a gefensa ba, a kansa. Da jirgi ya yi hon, sai ka ga mata sun naɗe rumfuna, sun ja teburan kifi baya a kan tayoyi, ko gezau. Kwandon mangwaron da ke ƙasa ma ba a taɓa shi, don sun san jirgin zai bi ta samansa. Yana wucewa rumfuna su koma, a ci gaba da ciniki daga inda aka tsaya. Sau takwas a rana ake wannan abu, kuma ko sau nawa ka gani sai ka riƙe baki.

Daga nan zirga-zirga ba wuya. Ga a-kori-kura masu benci biyu a baya suna zuwa Amphawa, ga 'yan acaɓa, ga keken haya. Amma babban titin lardin nan ruwa ne. Kogin Mae Klong ya raba shi kafin ya faɗa teku, ɗaruruwan magudanai kuma sun shiga lungu-lungu cikin gonakin kwakwa. Ka ɗauki kwalekwale ka shiga ciki. A can za ka tarar da masu dafa ruwan furen kwakwa a manyan kasake, suna juyawa har ya yi kauri ya daskare, kamar dai yadda ake mazarƙwaila a wajenmu. Ɗanɗana shi da ɗuminsa, santi sai ya kusa kayar da kai.

Juma'a zuwa Lahadi da yamma kasuwar kan ruwa ta Amphawa ke ci. Tsofaffi mata na gasa jatan lande da kifi a cikin kwalekwale, su miƙo maka kana zaune a matakalar bakin ruwa. Musulmi ba ya rasa abin ci a nan, kifi ya wadata, sai dai a tambaya kafin a sa hannu a miya. In cunkoso ya ishe ka, ƙaramar kasuwar Tha Kha tana nan da safe, ta mutanen ƙauye ce sosai.

Kuma don Allah ka kwana. Masu rangadin yini ɗaya suna tafiya kafin abin da ya fi komai: bayan magariba jiragen ruwa na fita da mutane zuwa inda ƙwarin nan masu ƙyalli ke cika itatuwan bakin kogi, suna kunnawa suna kashewa a tare. Gidajen katako na saukar baƙi suna nan a bakin ruwa. Ka ware kwana biyu a tafiyarka ta gaba, ka sa ta faɗo ranar Juma'a.