Jan Launi a Taswirar Baƙo

A wasan Traveller, wanda Marc Miller ya ƙago a Amurka a 1977, ƴan wasa kan shiga rigar matafiya tsakanin taurari. Ƙungiyar matafiya ce ke shafa wa duniyoyi launi: ruwan goro gargaɗi, ja hani. Armashin wasan shi ne hanin kan zama gayyata ga mai ƙarfin hali. Rauninsa kuwa, mazauna jar duniya ba su da bakin magana.

Wannan rauni ba baƙo ba ne a Nijar. A Agustan 2020, bayan kashe mutum 8 a Kure, Faransa ta ja wa ƴan ƙasarta kunne, ta shafa wa taswirar Nijar ja, ban da Yamai. Tajaye, Malbaza da Ƙonni suka faɗa ciki, alhali manomin albasar Galmi bai fasa cin kasuwa ba. Baƙo ke zaɓen launi, ɗan gari ke kwana da tabonsa.