Shaidar Agogon da Ya Tsaya

Kwanan baya a Gashuwa wani matashi mai gyaran waya ya ce mini, yana dariya, wai gyaran agogon wani lalube ne a cikin duhu. A cewarsa, agogon da ya mutu murus kowa na iya gano ciwonsa, amma wanda zai yi tafiya yau gobe ya cije, tsofaffin masu gyara ba su da dabara sai su tsoma shi a fetur, su karɓi kuɗi, bayan mako guda mai shi ya dawo. Shawararsa a ƙwaƙule injin a sa na batir cikin tsohon gidan, kowa ya huta. Kan masu fetur ya yi gaskiya, akwai su. Sauran maganar ta wanda bai taɓa zama gefen teburin gwani ba ce.

Tarihin gajere ne. Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, kuma inuwar da ta ishi mai jiran azahar ba ta ishi mai lodin gyaɗa da ƙaro da fatu ba. Dole a san minti. Daga baya alhazai suka riƙa shigo da agogo cikin tsaraba: Rado, Oris, Citizen, da uwa uba Seiko 5, wanda ya fito a 1963. A 1969 kamfanin Seiko ɗin da kansa ya fitar da agogon hannu na batir, Casio mai arha ya biyo baya, wayar hannu ta ƙarasa aikin. Teburan masu gyara suka yi ta naɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake son karewa a wannan sana'a dabara ce guda, kuma ana yin ta ne tun kafin a ɗauki sukudireba. Ka kawo wa gwani agogo mai tsaye-tsaye, zai mayar maka da abinka ya ce: "Alhaji, in ya sake tsayawa kada ka girgiza shi, kada ka juya hannunsa. Duba ƙarfe nawa ya tsaya ka riƙe, ka kuma lura ko a hannunka yake ko a ajiye." Mai gaggawa zai ɗauka korarsa aka yi. Shaida ake nema. Agogo na cikin 'yan injinan da ke nuna lokacin da ciwo ya kama su, kuma wanda ya girgiza shi ya tashi ya goge wannan shaida da hannunsa.

Ga yadda ake karanta ta. A cikin agogo akwai taya mai haƙora da ke kewayawa sau ɗaya a minti, wata kuma sau ɗaya a awa. In hannun daƙiƙa kullum a lamba guda yake maƙalewa, to ƙwayar yashi ko lanƙwasasshen haƙori na kan ta farko. In minti guda ne ke maimaituwa, yau uku da minti ashirin, jibi tara da minti ashirin, a nemi ta biyu. Wanda ya fi burge ni shi ne agogon da lokutan tsayuwarsa suke kamar ba su da tsari: ɗaya da minti biyar, biyu da minti sha ɗaya, huɗu da minti ashirin da biyu. Sabon shiga zai ce aljanu ne. Gwani ya san waɗannan su ne lokutan da dogon hannu ke hawa kan gajere, sau sha ɗaya cikin awa sha biyu, wato hannayen ne ke gogar juna, watakila tun ranar da aka sauya gilashi. Gyaran minti biyu ne da matsefata, injin ma lafiyarsa ƙalau. Da an bi shawarar abokina na Gashuwa, da an yanka lafiyayyen rago saboda ƙaya a kofato.

Sai wanda ke tsayawa dab da sha biyun dare. A lokacin ne injin ke ɗaukar ƙarin kaya, yana tura kwanan wata, agogon da ƙarfinsa ya ragu kuma a nan yake durƙushewa.

Kwanciya ma shaida ce. Zuciyar agogo 'yar taya ce mai kai da komo, bugu biyar ko shida a daƙiƙa, tana tsaye kan tsinin da bai fi gashi kauri ba, cikin duwatsun nan da ake rubuta adadinsu a fuska, 17 ko 21. In yana tafiya a rigingine amma ya tsaya da an kife shi, dutse ɗaya ya tsage ko tsini ya lanƙwashe, kuma da wuya mai shi bai tuna ranar da ya faɗi a wurin alwala ba. Shi ya sa za ka ga gwani ya kara agogo a kunne yana juya shi gefe-gefe, ido rufe, yana jiran inda bugun zai yi ɗingishi.

Nguru kuma tana da nata cututtukan. Zafin bazara na busar da mai, ƙurar hunturu ta shiga ta wuyan mawani ta kwaɓe da ragowarsa, sanyin asuba ya daskarar da kwaɓin. Agogon da ke tsayawa da asuba a watan Janairu, ya farfaɗo in ya ji ɗumin hannu, wanki yake so na gaskiya: a warware shi ɗaya-ɗaya, a wanke, a ɗiga wa kowane dutse mai da bakin allura. Fetur na tafiya da man da ya rage ne ya bar duwatsu a bushe, man keken ɗinki da ake bi da shi kuma ya malale har kan siririyar wayar zuciya ya manne ta. Masu ɗora kowane laifi kan maganaɗisun waya su ma ba na biye musu. Agogon da maganaɗisu ya kama gudu ya fi yi, ba tsayawa ba.

Inda na fi karkata shi ne sau da yawa ciwon ba ya cikin agogon ma sam. Kawuna ya shekara fiye da talatin da Seiko 5 ɗinsa yana fataucin shanu, bai taɓa ba shi matsala ba, sai da ya ajiye kasuwa ya fara tsaye-tsaye. Mutum biyu suka wanke shi a banza. Na ukun, wani dattijo a kasuwar Nguru, ko bayansa bai buɗe ba. Ya tambayi lokacin tsayuwa, aka ce tsakar dare. Ya dubi kawu ya ce, "Baba, yanzu ina kake wuni?" Kawu ya ce kan tabarma a zaure. Tsofaffin Seiko 5 da yawa ba a wana su da yatsa. Wani ƙarfe mai siffar rabin wata ne ke lilo a ciki yana ɗaure sifirin duk sa'ad da hannu ya motsa, in ya cika ya kai awa arba'in. Hannun da ke wuni kan carbi ba ya cika shi, sai a isa wurin tura kwanan wata da ƙarfi kaɗan.

Dattijon bai karɓi ko sisi ba. Ya ce kawu ya riƙa takawa masallacin Juma'a da ƙafa, kullum bayan la'asar kuma ya zaga unguwa. Kawu ya yi ta mita wai an raina masa hankali, ya kawo agogo an rubuta masa magani shi. Amma ya fara zagayen, kuma har ya rasu a Gashuwa agogon yana ɗaure a hannunsa yana bugawa.